Tiriliyoyi a Asusu, 'Yan Fansho a Layi: Ina Giɓin Yake?

Wata rana bayan la'asar, a majalisar dattawan da ke zama ƙofar gidanmu a Tudun Wada ta Kaduna, kawuna ya ajiye rediyonsa ya dube ni. Shekara 35 ya yi yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati, kuma a lokacin ya haura shekara guda da yin ritaya ba a fara biyansa ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, kai ne mai karance-karance. Yanzu na ji an ce kuɗin fansho sun haura naira tiriliyan 20. To in kuɗin suna nan, me ya hana a ba mu namu?"

Na ce, "Kawu, kuɗin suna nan, amma naka bai shiga cikinsu ba tukuna." Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tambayar tasa ita ce a bakin dubban mutane daga Kawo zuwa Kakuri: yaya za a ce asusu ya cika maƙil, a kuma ce akwai giɓi? Wa ya cinye? Shin tsarin adashen gata, wato sabon tsarin fansho da ake tara wa kowane ma'aikaci kuɗi a asusunsa, shi ne ya cuci ma'aikata, har ya kamata a koma tsohon tsari kamar yadda tsofaffin 'yan sanda ke nema? Amsar ba ta fita sai an warware zaren tun daga farkonsa.

Tsari biyu ne ake cakuɗawa

A tsohon tsari, wanda Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979 ta tsara, ba a cire wa ma'aikacin gwamnati ko sisi daga albashinsa. Alkawari kawai gwamnati ta yi: in ka cika shekara 35 kana aiki, za a ba ka garatuti na kashi 300 cikin 100 na albashinka na shekarar ƙarshe, sannan a riƙa biyanka kashi 80 cikin 100 a matsayin fansho har ƙarshen rayuwarka. A takarda babu tsarin da ya fi wannan daɗi. Matsalar ita ce babu wani asusu da ake tara kuɗin. Duk shekara daga kasafin kuɗi ake yankowa, fansho yana gogayya da titi da asibiti da albashin masu aiki. Ranar da kuɗin mai ya ragu, tsoho mai sanda ne na farko da ake cewa ya jira, domin ba shi da yajin aikin da zai tafi.

Ana cikin haka gwamnati sai faɗaɗa take yi. Jihohi 12 na 1967 suka zama 36 a 1996, ga ƙananan hukumomi 774, kowacce da ma'aikatanta, kowane ma'aikaci da alkawarinsa. Ga sunayen bogi da aka cusa cikin jerin masu karɓa. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fansho na ma'aikatan gwamnati ya kai wajen naira tiriliyan 2, a zamanin da kasafin kuɗin tarayya na shekara gaba ɗaya bai kai haka ba.

Mu a Kaduna ba labari aka ba mu ba. Mun ga tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suna yini a layin tantancewa. Mun kuma ga abin da ya sami ma'aikatan masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda ta rufe a 2002 ta bar mutane suna bin haƙƙinsu na sallama shekara da shekaru, wasu har suka rasu suka bar wa iyalansu takardu. Darasin masaƙun Kakuri a fili yake: in haƙƙinka yana aljihun wanda ya ɗauke ka aiki, ranar da ya durƙushe tare za ku durƙushe.

Wannan ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta kawo Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka kwaikwayo daga tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Kowane ma'aikaci zai buɗe asusun ritaya da sunansa. A farko ma'aikaci yana zuba kashi 7.5 cikin 100, mai ɗaukar aiki shi ma 7.5. Dokar 2014 da Jonathan ya sa wa hannu ta ɗaga abin zuwa kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Kamfanonin da ake kira PFA su ne ke juya kuɗin, amma ba su ne ke riƙe da su ba. Wasu kamfanoni daban ne ke ajiya, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai makulli. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kowa. Waɗanda suka riga suka yi ritaya a tsohon tsarin tarayya kuwa, hukumar PTAD ce ke biyansu, kuma har gobe daga kasafin kuɗi ake ba ta.

Saboda haka in ka ji ɗan fansho yana kuka, fara tambayarsa a wane tsari yake. Ciwon ba ɗaya ba ne, maganin ma ba ɗaya ba ne.

Bashin shekarun baya

Nan ne matsalar kawuna take, kuma nan ne aka fi yi wa sabon tsari mummunar fahimta. Mutumin da ya fara aikin tarayya a 1988, alal misali, ya yi shekara 16 a ƙarƙashin tsohon alkawari kafin a buɗe masa asusu a 2004. Waɗannan shekaru ba su faɗi ƙasa ba. Doka ta ce a lissafa su, su zama bashi a kan gwamnati, a zuba masa a asusunsa ranar da ya yi ritaya. Don a tanadi kuɗin, an ce gwamnati ta riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta duk wata, tana ajiyewa a wani asusu a Babban Bankin Najeriya.

Abin da ya faru shi ne, kason bai wadatar ba, kuma shi ɗin ma ba a sake shi a kan lokaci. Kamfanin PFA kuwa ya saba jira sai bashin bayan ya shigo kafin ya haɗa lissafi ya fara biya. Sai mutum ya yi ritaya, ga kuɗin da ya tara tun 2004 yana gani a takarda, amma ya shafe shekara ko fiye bai taɓa ko kwabo ba. Yana zuwa ofishin PFA yana faɗa da yaran da ke kan tebur, alhali makullin yana baitulmali a Abuja. Wannan giɓi ba sabon tsari ne ya haife shi ba. Gyauron tsohon tsari ne, bashin da aka ci tun da daɗewa ba a tanadi ranar biya ba.

Akwai giɓi na biyu, wanda a ganina ya fi muni domin cin amana ne tsagwaro: a cire kuɗi daga albashin mutum amma ba a tura su asusunsa ba. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. Duk da haka akwai kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da hukumomi da ke cirewa suna riƙewa. Ma'aikaci ba ya ganewa sai gemu ya yi fari.

Inda abin ya fi ciwo: kuɗin ba su isa

A ce an biya bashin baya, an tura komai a kan kari. Shin ɗan fansho zai rayu? Bari mu yi lissafi na misali. Ma'aikacin da albashin da ake lissafa masa fansho a kai ya kai naira 100,000, kashi 18 cikin 100 ɗinsa naira 18,000 ne a wata, 216,000 a shekara. Amma ai ba da wannan albashi ya fara ba. A 2004 mafi ƙarancin albashi bai kai naira 10,000 ba, ya zama 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai a 2024 ya kai 70,000. Wanda ya yi mafi yawan shekarunsa yana zuba kaso daga ɗan ƙaramin albashi, ɗan ƙaramin abu zai tarar.

A ce ya tarar da naira miliyan 5. In ya karɓi rubu'i a dunƙule, saura miliyan 3.75. A raba su a kan shekara 20, abin bai kai naira 16,000 a wata ba, kafin a ƙara ribar da sauran kuɗin za su ci gaba da samarwa. Ko da ribar ta ninka shi, wane gida ne zai ci abinci, ya sayi maganin hawan jini, ya biya kuɗin wuta da wannan? Dattijon da ya je Kasuwar Bacci da fanshonsa na wata ya san amsa.

Sai kuma hauhawar farashi, wadda ita ce babbar ɓarauniyar da ba a kai ta kotu. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ribar da asusun fansho ke samu a shekara ba ta kamo wannan gudu ba. Ma'ana, lambobin da ke cikin asusunka suna ƙaruwa, amma buhunan masarar da za su iya saya suna raguwa. A tsohon tsari gwamnati ce ke ɗauke da wannan haɗari, a ƙalla a takarda. A sabon tsari an sauke shi a kan ma'aikaci. Duk mai kare tsarin adashen gata da bai yarda da wannan gaskiya ba, bai yi wa 'yan fansho adalci ba.

Kundin tsarin mulki ya hango haka. Sashe na 173 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara 5, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, sashe na 210 ya faɗi haka game da jihohi. Dokar 2014 kuma ta tanadi wani asusun kariya da zai tabbatar da mafi ƙarancin fansho, wanda gwamnati za ta riƙa zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Dukkan biyun sun daɗe suna kwance a takarda saboda ba a zuba kuɗin ba. Wato garkuwar da aka yi wa mai ƙaramin ƙarfi ita aka fara jinginewa.

To tiriliyoyin na waye?

A ƙarshen 2024 dukiyar fansho ta kai wajen naira tiriliyan 22.5. Amma ba tulu ɗaya ba ne da gwamnati za ta ɗebo ta raba. Mallakar mutane fiye da miliyan 10 ce, kowa da sunansa da lambarsa. Ba a ɗaukar na malamar asibiti mai shekara 30 a biya wanda ya yi ritaya bara. Wannan katanga ita ce ƙarfin tsarin. Manyan badaƙalolin fansho da aka sani a tsohon tsari aka yi su, inda kuɗi ke tare wuri guda a hannun jami'ai. Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa ya gyara harkar, Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure shi shekara 8 a Nuwamban 2021 a kan halasta kuɗin haram da suka kai wajen naira biliyan 2.

Sai dai akwai abin da ya kamata ma'aikata su sani. Fiye da rabin waɗannan tiriliyoyi an ba gwamnatin tarayya rance ne ta hanyar sayen takardun lamuninta. Tana biyan riba, kuma kawo yanzu ba ta saɓa ba. Amma abin yana damuna: gwamnatin da 'yan fansho ke bi bashi ita ce kuma babbar mai cin bashin kuɗin ma'aikata. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago ke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da wani minista ya fara maganar amfani da kuɗin fansho wajen gina tituna.

A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da takardun lamuni na kusan naira biliyan 758 don share bashin da ya taru a sabon tsari: haƙƙin shekarun baya, ƙarin fanshon da aka daɗe ba a biya ba, asusun kariya, da cikon fanshon farfesoshin jami'a. Mataki ne mai kyau, kuma ya tabbatar da abin da nake faɗi, cewa giɓin bashin gwamnati ne. Amma bashi aka ci aka biya bashi. Matasan da ke aiki yau, da masu biyan haraji, su ne za su sauke shi.

Masu son ficewa da masu son a gyara

Sojoji da jami'an tsaro na farin kaya sun fita daga tsarin tun 2011. Ma'aikatan Majalisar Tarayya sun samu dokarsu ta ficewa a 2023. Tsofaffin 'yan sanda suna kallon wannan suna tambaya: mu da muka kwana a kan titi da bindiga, me ya sa aka bar mu? A Yulin 2025 sun yi zanga-zanga a Abuja, kuma na Kaduna suna cikin waɗanda muryarsu ta fi fitowa. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Mutum ya yi shekara 35 a bakin mutuwa, ya koma gida da abin da bai isa ya yi rufin ɗaki biyu ba, ga takwaransa soja yana karɓar ninkin nasa.

PenCom da kamfanonin fansho kuma suna cewa ba tsarin ne ya gaza ba, albashin ɗan sanda ne ya yi kaɗan tun farko. In aka mayar da dubban ɗaruruwan 'yan sanda kan kasafin kuɗi, gobe kwastam da shige da fice da malaman makaranta za su biyo layi, a wayi gari an koma gidan jiya.

Ni dai zuciyata tana tare da tsofaffin 'yan sanda, amma ina tsoron maganin da suke nema. Gwamnatin da ta kasa biyan kashi 5 cikin 100 a kan lokaci, ita za a miƙa wa ragamar biyan komai? Kada a gudu ba a tsira ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a bar wa mutum asusunsa, a ɗaga kason da gwamnati ke zubawa ga masu aikin haɗari, a ƙara musu garatuti na daban a ranar sallama, sannan a sa mafi ƙarancin fansho da ba za a biya ƙasa da shi ba. Akwai ma hanya ta tsakiya da Jigawa ta daɗe tana bi: ma'aikaci da gwamnati suna zubawa a asusu ɗaya, amma abin da za a biya ka ƙayyadadde ne kamar a tsohon tsari. Tana aiki muddin ana zubawa ba fashi kuma ba a taɓa asusun.

Wasu kuma suna kawo shawarar a ƙara shekarun ritaya, suna misali da Faransa da ta yi dokar ɗaga nata daga 62 zuwa 64 a 2023. Ciwonsu ba irin namu ba ne. Su tsofaffi ne suka yi yawa, masu aiki suka ragu. Mu matasa ne suka cika ƙasa ba aikin yi. An riga an mayar da na malaman makaranta shekara 65 ko shekara 40 na aiki a dokar 2022, amma jinkirta ritaya jinkirta biya ne kawai, ba ya goge bashi.

Jihar Kaduna fa?

Dokar tarayya ba ta hawa kan jiha kai tsaye, sai majalisar jihar ta yi tata. Kaduna ta yi dokar gyaran fansho a 2016, tsarin adashen gata ya fara aiki a Janairun 2017, ƙarƙashin Hukumar Fansho ta Jiha. Tana cikin jihohi ƙalilan da suka aiwatar da shi sosai. A 2020 kuma gwamnatin jihar ta mayar da mafi ƙarancin fansho naira 30,000 ga 'yan tsohon tsari, abin da ya ɗaga tsofaffi da yawa da ke karɓar 'yan dubbai.

Amma lura da shekarar. Tunda a 2017 aka fara, duk ma'aikacin jiha ko malamin firamare da zai yi ritaya a 'yan shekarun nan, mafi yawan haƙƙinsa na shekarun baya ne, ba abin da ya tara a asusu ba. Jihar tana ɗauke da kaya uku a lokaci guda: fanshon wata-wata na 'yan tsohon tsari, bashin baya na masu fita yanzu, da kasonta na masu aiki. Shi ya sa ake biya rukuni-rukuni, ake kuma jira. Naira 30,000 ɗin 2020 ma, yanzu da mafi ƙarancin albashin jihar ya kai 72,000, ta zama abin da ya kamata a sake dubawa.

Wanda ba ya cikin lissafin kwata-kwata

Duk wannan muhawara ta mutum miliyan 10 ce a ƙasar da ta haura miliyan 200. Mai shago a Kasuwar Sheikh Gumi, bakanike a Panteka, ɗan Keke Napep, mai ƙosai a bakin titi, manomin Giwa, babu mai fansho a cikinsu. Fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuma suna fama da kansu. A Maris na 2019 an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don irinsu, inda mutum zai zuba abin da ya sawwaƙa, kuma a ƙa'idar wancan lokaci ya iya cire kashi 40 cikin 100 in buƙata ta taso, kashi 60 ya jira tsufa. Bai karɓu sosai ba. Mutumin da ya ga maƙwabcinsa ɗan fansho yana yawon neman haƙƙinsa, da wuya ka shawo kansa ya kai kuɗinsa can. Gara ya sayi tunkiya. Akwai kuma masu gudun kuɗin ruwa, waɗanda da yawansu ba su san cewa tun 2021 an buɗe Asusu na 6, wanda ba ya mu'amala da riba ta ruwa, kuma kowane mai asusu yana iya neman a mayar da kuɗinsa can.

Ga wanda ke aiki yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi bayanan asusunka ka bi su wata-wata, ka ga ko akwai watan da aka tsallake; in akwai, ka kai ƙorafi tun kana da ƙarfi. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil ɗin ofis da katin NIN da wajen PFA, domin harafi ɗaya yana tsayar da biya wata da watanni. Tun Nuwamban 2020 kana da damar sauya PFA sau ɗaya a shekara in ba ka gamsu ba. In ka rasa aiki ka yi wata 4 ba ka samu wani ba, kana iya karɓar rubu'in abin da ke asusunka. A ranar ritaya kuma za a ba ka zaɓi biyu: ko PFA ya riƙa biyanka daga asusunka, abin da ya rage in ka rasu na magada ne, ko ka sayi fansho na har abada daga kamfanin inshora, wanda ba ya yankewa muddin kana raye amma gadonsa yana da iyaka. Kada ka sa hannu sai an yi maka bayani da harshen da kake ji.

Ka kuma sanar da iyalinka cewa doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinka na shekara ba, kuma rubuta sunan wani a matsayin makusanci ba ya wadatarwa. Sai an kawo wasiyya ko takardar izinin gado daga kotu kafin a saki kuɗin mamaci. Kawuna, bayan an fara biyansa, abin da ya fara yi shi ne ya kira 'yarsa da ke aiki a wata makaranta mai zaman kanta, ya ce ta kawo masa takardar asusunta. Suka zauna a tabarma suna bi layi-layi da biro, suka tarar da wata 7 da aka cire mata ba a tura ba.